Satar zane: abin da Kakuri ta gani, da abin da muke yi wa junanmu yau

1/ Jama'a, zaren nan yana da tsawo, sai kun yi haƙuri da ni. Magana ce a kan satar fasaha: mutum ya ɓata dare da rana ya ƙirƙiro zane ko ɗinki ko hoto, wani ya ɗauke ya sa sunansa, ko ya sayar ba izini. Mun mayar da abin wasa. Ni a Kakuri na tashi, mu nan mun san abin da wasan nan yake ci.

2/ Ga matsayata tun yanzu, don kar a ce na tsaya kwana-kwana: kwafar aikin mai zane ba da izininsa ba sata ce. Ko da injin masaƙa aka yi ta a ƙasar Sin, ko da waya aka yi ta a ɗakin kwanan ɗalibai. Girman ɓarnar ne kawai ya bambanta.

3/ Ga wanda bai san Kakuri ba, unguwa ce a kudancin kogin Kaduna. A nan masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957, lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiyan Arewa. Gwamnatin Arewa ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead & Sons na Ingila.

4/ Daga nan wasu suka biyo baya: Nortex, Arewa Textiles, sai UNTL wadda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa a shekarun 1960. Har ana ce wa Kaduna Manchester ta Najeriya. Audugar Funtuwa da Gusau a nan take zama zare, zaren ya zama yadi, yadin ya zama atamfa.

5/ Adams Oshiomhole ma a Arewa Textiles ya fara aiki. A nan ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago, kafin ya zama shugaban NLC a 1999, daga baya gwamnan Edo. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa baki ɗaya a Kaduna take. Ku auna nauyin wurin da wannan.

6/ Mu ba mu ga wancan zamani ba, labari muke ji wajen iyaye. Wai in an tashi daga aiki titi cika yake da kekuna. Mai tuwo tana ci da masaƙa, mai gidan haya yana ci, mai faci yana ci, tela yana ci. Mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka zo suka zauna, shi ya sa har gobe Kakuri take da kowane yare.

7/ KTL ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi bayanta. UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 da tallafin gwamnati ta hannun Bankin Masana'antu, amma ba ta koma yadda take ba. Tsofaffin ma'aikata sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu suna jira.

8/ Kar wani ya ce na ɗora komai a kan satar zane. A'a. Akwai rashin wutar lantarki. Akwai tsadar baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi. Akwai faɗuwar naira tun daga SAP a 1986, wadda ta sa kayan gyaran inji suka yi tsada. Akwai tsofaffin injuna da rashin iya riƙo. Duk sun taka rawa.

9/ Amma akwai guda ɗaya da ba a cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ne ya shafe mu yau: zane. Ba zanen ɗaurawa nake nufi ba fa, adon da ke jikin atamfar. Mace in ta shiga kasuwa ai ba audugar take tayawa ba. Zanen ne yake tsayar da ita a bakin shago.

10/ Ku duba yadda zane yake zuwa jikin atamfa. Mai zane ya zauna ya zana. A rarraba launukan ɗaya bayan ɗaya. A sassaƙa zanen a jikin tagulla mai kamar gora wanda inji zai riƙa murzawa a kan yadi. A gwada rini, a wanke, a sake gwadawa. Kowane mataki albashi ne da lokaci.

11/ Sannan ba duk zane ne yake karɓuwa ba. Masaƙa za ta fitar da zane da yawa, wasu su kwanta a shago, ɗaya ya tashi. Wannan ɗayan da mata suka yi rububi a kansa, shi ne yake biyan asarar sauran. Haka sana'ar ƙirƙira take a ko'ina, ko waƙa ce ko fim ko ɗinki.

12/ To shi mai kwafi ba ruwansa da waɗanda suka kwanta. Zama yake ya jira kasuwa ta nuna masa wanda ya tashi, sai ya sayi turmi ɗaya, yadi shida, ya aika masaƙar waje. Bai biya mai zane ba, bai yi asarar gwaji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

13/ Can sai a ɗauki hoton zanen da na'ura, a buga shi a kan yadi mai arha. Atamfar gaske launinta ɗaya ciki da waje, saboda yadda rinin yake ratsa ta. Jabun farko-farko fuska ɗaya ake bugawa. Da tafiya ta yi tafiya suka ƙware, har sai mai ido sosai yake bambancewa.

14/ Abin da ya fi ciwo, ba zanen kaɗai ake kwafa ba. Har rubutun bakin atamfa, har takardar da ake liƙawa, har sunan kamfanin da alamar cewa a Najeriya aka yi. Ka saya kana ganin ka taimaki masaƙar gida, alhali ko ƙofar Kakuri kayan bai taɓa gani ba.

15/ In kuma ta koɗe a wanki biyu, wa za a zaga? Masaƙar da sunanta yake jiki. An cinye mata kasuwa, an kuma ɓata mata suna da kayan da ba ita ta yi ba. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a kan 'yan uwanmu masu ƙananan sana'a.

16/ Hanyar kayan sananniya ce. Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, a ce kayan Nijar ne, a bi da su ta wajen Maraɗi, su tsallako ta iyakokin Katsina, su sauka a Kantin Kwari. A zamanin Obasanjo an haramta shigo da atamfa, amma kasuwa ba ta taɓa rasa ta ba. Kowa ya san abin da hakan yake nufi.

17/ Tambayar da ba mu son yi: wa ya kai samfurin? Injin da ke Sin bai san wane zane ake yayi a bikin Tudun Wada ba. Ɗan kasuwarmu ne yake sa turmin a jaka ya hau jirgi, ya ce a yi masa irinsa kwantena guda. Da ɗan gari akan ci gari.

18/ Shi ya sa ban yarda a mayar da maganar nan ƙiyayya da 'yan Sin ba. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Sin 45 a Kantin Kwari. A 2015 marina a Kano suka yi zanga-zanga har fadar Sarki, suna kukan kayan waje suna kashe musu sana'a. Jabu bai daina shigowa ba, domin mai odar yana gida.

19/ Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi aiki a sashen zane na ɗaya daga cikin masaƙun nan. Ya ce ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya tarar mata sun yi anko da zanen da shi ya zana da hannunsa. Daɗi ya kama shi. Da ya matsa kusa ya ga yadda yadin yake ƙyalli, ya san ba daga wajensu ya fito ba.

20/ Na ce, Baba, me ka yi? Ya ce, yaro, me zan yi, in tuɓe musu? Ya ci shinkafarsa ya dawo gida. Yanzu gyaran keken ɗinki yake yi. Hannun da ya san yadda ake rarraba launi shida a zane ɗaya, ba wanda ya gaji wannan ilimin a wajensa.

21/ Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A Gana, masaƙun GTP da Akosombo sun yi irin wannan kuka, har gwamnati ta kafa kwamiti na musamman a 2010 don kama atamfar da aka saci zanenta, kuma an ƙone wasu a bainar jama'a. Bai kawo ƙarshen matsalar ba, amma sun kira abin da sunansa, wato sata.

22/ Yanzu bari in ɗauki hujjojin da ake kawo min duk lokacin da na ta da zancen nan. Ta farko: "Ai su ma Turawan Holan satowa suka yi." Gaskiya ne atamfa ta samo asali daga kwaikwayon rinin batik na mutanen Java a Indonesiya. Kamfanin Vlisco da ke Helmond, wanda aka kafa a 1846, da wannan kwaikwayon ya yi suna.

23/ Amma a wane hali aka yi hakan? Holan tana mulkin mallaka a Java, marinan can ba su da bakin magana. Wannan shi ne abin da za mu yi koyi da shi? Sannan akwai bambanci tsakanin hanyar aiki da aikin kansa. Ba wanda ya mallaki rini ko hoton fure. Amma wannan furen, a wannan jerin, da waɗannan launukan, wani ne ya haɗa shi.

24/ Ta biyu, kuma ita ce mai ƙarfi: "Talaka ba zai iya sayen ta gaske ba." Wallahi na yarda. Uwar da za ta yi wa 'ya'ya biyar kayan sallah ba zan ce mata ta sayi Holan ba. Ba da ita nake ba, kuma ba ita ce ɓarauniyar ba.

25/ Abin da nake cewa, arha ba ta buƙatar sata. Ka yi atamfarka mai arha, ka biya mai zane ya zana maka naka, ka sa sunanka. Akwai kamfanonin Sin da yanzu da sunansu suke sayarwa, mata sun san su suna saye. Mai saye ya san abin da ya saya. Liƙa sunan wani a kan kayanka kuwa algus ne, kuma talakan nan shi aka cuta.

26/ Ta uku: "Ilimi na Allah ne, ba mai shi." To amma gumi fa? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, kuma shari'a ta hana a taɓa su.

27/ Mu da muka gaji al'adar isnadi ma bai kamata a koya mana wannan ba. Malamanmu ba sa kawo magana sai sun ce daga wane, shi kuma daga wane. Jingina magana ga mai ita amana ce a wajensu. Yau jikokinsu ne suke yanke sunan mai hoto kafin su ɗora a sitatus.

28/ Ta huɗu: "Kowa ma aro yake yi." Haka ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya gina Magana Jari Ce a shekarun 1930. Amma tsofaffin labarai ne na duniya, kuma ya narka su ya zuba su a Hausa da hikimarsa, har suka zama abin da ba kowa zai iya ba.

29/ Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Me ka ƙara daga kanka? In mai aikin ya gani, zai ce wannan ya koya daga gare ni, ko zai ce wannan ai nawa ne? Kuma abin da ka fitar yana cin kasuwar nasa? In ba ka ƙara komai ba, kuma kwastomansa kake ɗauka, kar ka kira shi aro.

30/ Kannywood ta ɗanɗana abin ta fuska biyu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu da yawa a kan yadda finafinan Hausa suka riƙa ɗauko labari da salon finafinan Indiya. Su kuma a zamanin kaset da faifai, kafin furodusa ya mayar da kuɗinsa masu kwafi sun cika kasuwa. Daga baya masu tura fim a waya suka ƙarasa.

31/ To mu dawo kanmu. Mu 'yan Kaduna muna iya kwana muna zagin waɗanda suka kashe masaƙu. Amma abin da aka yi wa Kakuri da kwantena, shi muke yi wa junanmu kullum da sikirinshot. Bari in lissafo, kowa ya duba ko zai ga kansa.

32/ Mai ɗinki ta ƙirƙiro salon abaya, ta sayi yadi, ta ɓata biyu kafin na uku ya zauna, ta biya mai hoto. Wata mai shafi ta ɗauki hoton, ta yanke tambarin, ta rubuta "akwai shi, a yi magana ta inbos". Ko taɓa rigar ba ta yi ba, amma ta fara karɓar oda.

33/ Wannan ya faru da wata 'yar ajinmu da take biyan kuɗin makaranta da keken ɗinki. Shafin da ya ɗauki hotonta ya ninka nata mabiya nesa ba kusa ba. Ƙarshenta mutane suka dawo suna ce mata ita ce ta kwafa. Wata ma da aka yi wa mummunan ɗinki a can, wajenta ta zo tana masifa, don ta gane hoton.

34/ Kun ga abin da na ce ku riƙe a lamba 15? Shi ne dai. An ɗauke mata kasuwa, an bar ta da zagi. Da ta yi magana aka ce ta cika son duniya, wai ai tallata ta aka yi. Talla ba suna, ba lambar waya, wace irin talla ce wannan?

35/ Mai zanen fosta ya yi wa ɗan takara aiki, wani ya goge fuskar ya sa ta ubangidansa. Mai lalle ta zana sabon salo a hannun amarya, gobe hoton yana shafi goma, kowa na cewa aikinsa ne. Mai hoto ya sha rana a hawan sallah a Zariya, a buga hotonsa a kalanda ba ko sannu.

36/ Marubuciya ta kwana tana buga littafi da babban yatsa a waya, ta sa kuɗi kaɗan a shiga rukunin masu karatu. Mutum ɗaya ya biya, ya watsa wa rukuni ashirin. Wani kuma ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla, ko sunanta bai ambata ba. In ta daina rubutu mu ce marubutan yanzu ba su da juriya.

37/ Haka masu ɗinkin hula. Mace ta yi makonni tana bin zare da allura a kan hula ɗaya, sai ga irin adon an fitar da inji, ana sayarwa a bakin titi. Mai saye yana da damar sayen ta inji, ba laifi. Laifin shi ne a ce masa ta hannu ce.

38/ Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Mutum ya ɗauki zanen wani ya loda, ya ce a sauya launi a ɗan karkata shi, ya fito yana cewa nasa ne. Sauya wa akuyar sata igiya ba ya mayar da ita taka. Kayan aikin sabo ne, halin kuwa tsoho ne.

39/ Mu ɗalibai kuma kar mu yi fuska. Wanda ya saba ɗauko furojet ɗin wani ya canza suna da shekara, ba zai ga laifin yanke tambarin mai hoto ba. Ƙungiyoyinmu na makaranta za su kashe kuɗi a kan abinci da kujeru, amma in aka zo kan mai zanen tambari sai a ce ya yi don Allah, ko a ɗauko na wata ƙungiya a goge suna.

40/ Me doka ta ce? Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Zane da hoto da rubutu da waƙa suna da kariya tun daga lokacin da ka yi su, ba sai ka yi rajista ba. Hukumar da ke kula da wannan ita ce NCC.

41/ A rubutu da zane da waƙa, haƙƙin yana nan tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, wato magada ma suna da rabo. Sabuwar dokar ta kuma tanadi hanyar neman a sauke aikinka da aka ɗora a intanet ba izini. Facebook da Instagram da YouTube duk suna da fom na kai irin wannan ƙara.

42/ Amma masu zanen atamfa da duk abin da za a fitar da yawa a masana'anta, ku kula da nan. Naku yana ƙarƙashin wata doka daban ce, ta 1970, mai kula da ƙirƙira da zanen masana'antu. A nan sai ka yi rajista. Kariyar shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimla 15.

43/ Kuma sharaɗin rajistar shi ne zanen ya zama sabo, bai riga ya fita ga jama'a ba. Ma'ana in ka ɗora shi a Instagram yau, ka je rajista bayan an sace, za a iya ce maka ai ka riga ka fitar da shi. Mutum nawa a cikin masu zanenmu suka san wannan? Rigakafi ya fi magani.

44/ Gaskiyar magana dokar ta yi wa ƙaramin mai sana'a nisa. Ofishin rajista yana ƙarƙashin ma'aikatar kasuwanci ta tarayya a Abuja, shari'ar kuma sai Babbar Kotun Tarayya. Telan da ke Kakuri da keke ɗaya, da wane kuɗin zai ɗauki lauya? Doka ce ta 1970, an yi ta don manyan kamfanoni, ta kai a sake duba ta.

45/ Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. Masu ƙirƙira: ku ajiye shaidar aiki, tun daga zanen farko a takarda har bidiyon kuna yi, da kwanan wata. Ku sa tambari a inda ba ya yankuwa. In za ku yi wa wani aiki, ku rubuta abin da ya saya, ko a saƙon waya ne: fosta ɗaya ya biya, ko zanen gaba ɗaya?

46/ In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku daina tura cikakken aiki kafin a biya. Ku daina jin kunyar faɗin farashi. Kuma in an saci aikin abokin sana'arku kar ku yi shiru don ba naku ba ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

47/ Masu shafukan saye da sayarwa: in hoton ba naki ba ne, Hajiya, ki tambaya. Sau da yawa mai shi zai yarda in za a sa sunansa. Mafi kyau ma ki karɓi kayan daga wajenta ki ɗora ribarki, ku ci tare. Masu saye kuma, ku riƙa cewa a nuna muku bidiyon kayan a hannu kafin ku tura kuɗi.

48/ Ƙungiyoyin teloli da marubuta da masu hoto su ma da aikinsu. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ƙungiya za ta iya: lauya ɗaya na kowa, rajista a tare, da zaman sulhu a cikin gida kafin a kai ga kotu. Kasuwanninmu sun daɗe da sanin yadda ake ladabtar da mai algus, sai a faɗaɗa shi ya haɗa da wannan.

49/ Gwamnati kuma, kusan duk kakar zaɓe sai an yi mana alkawarin farfaɗo da masaƙun Kaduna. Allah ya sa. Amma ko an kawo sababbin injuna da wuta ba ɗaukewa, in zanen da aka fitar yau zai dawo jabu ta kan iyaka bayan wata biyu, rufewa za a sake yi. Kwastam da NCC da hukumar kula da ingancin kaya dole su shiga lissafin.

50/ A ABU Zariya akwai sashe guda na zanen masana'antu, ana koyar da zanen yadi, kuma duk shekara ana yaye ɗalibai. Yaran suna da hannu, ku je baje kolinsu ku gani. Wa zai zuba kuɗi ya ɗauke su aiki a ƙasar da kowa ya san zane kyauta ne ga wanda ya riga ɗauka?

51/ Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma yau za a iya farawa. Kafin ka ɗora hoton da ba kai ka ɗauka ba, nemi mai shi ka sa sunansa. Kafin ka tura littafin da ake sayarwa, tuna wata ce ta rubuta shi da kuɗin datarta. In ka ga an yanke tambarin wani, ka yi magana a wurin, cikin mutunci.

52/ Nan zan tsaya. Wanda yake ganin na yi kuskure a wata gaɓa ya kawo hujjarsa, mu tattauna ba zagi. Wanda kuma iyayensa suka yi aiki a masaƙun Kakuri, musamman sashen zane, don Allah ya tambaye su labari ya rubuta mana tun suna raye. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinsu, ya ba mu ikon ba kowa haƙƙinsa.